Kamun Sale da Kamuna

Kwandon farko da na saƙa da hannuna, kaza ce ta gwada shi. Maigidana, Baba Nagoma, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, sai ya kife shi a kan wata kaza da ke kiwo a tsakar gida. Kafin ya koma mazauninsa kazar ta fito ta gefe abinta, ko fiffike ba ta karkaɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Hudu, wannan ai ƙofa ka saƙa." Shi ya sa in na ji ɗayanku, ku samarin nan da ke cika mini bakin rumfa kuna latsa waya, ya ce wai saƙar kwando lanƙwasa itace ce kawai, dariya kurum nake yi. To ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau sai kun ji.

Daga gindin dutse aikin ke farawa. Da geza muke saƙa, itaciyar nan mai siraran rassa, ta wajen Rurum kuwa babu kamarta. Da kaka ake yankanta, ruwa ya ɗauke amma jikinta bai bushe ba. In ka yi gaggawa ka saƙa ta ɗanya sharaf, kwandon zai yi kyau ranar da ka gama shi, yana shan rana sai ya saki, ya dinga girgiɗi kamar haƙorin tsoho. In kuma ka makara ta bushe a tsaye, kana lanƙwasawa za ka ji ƙas! Ka yanko, ka zage ganyen, ka ware masu kauri gefe guda, su ne haƙarƙarin kwando, siraran kuma da su ake zagayawa. Ka shanya a inuwa. Ranar aiki ka kai kududdufi ka danne da dutse ta jiƙu. Duk wannan fa ba ka fara saƙa ba tukuna, ƙaya dai ka sha, wani lokacin har da harbin kunama.

Kayan aikin ba su da yawa. Adda ta shiga daji, 'yar wuƙa ta fiƙe bakin reshe, ƙahon akuya na buɗa saƙa in za a cusa sabon reshe, sai guntun icen kanya da ake bubbuga layi da shi ya zauna. Amma babban kayan aiki shi ne babban yatsan ƙafarka. Gindin kwando a sunkuye ake fara shi. Ka gicciya haƙarƙari a ƙasa, ka take tsakiyar da yatsa, ka yi ta zagaya kanka kana saƙawa, wanda ya hango ka daga nesa sai ya ɗauka allura ce ta faɗi maka. In yatsan ya ɗaga ko kaɗan, gindin ya karkace, kwandon kuma ba zai taɓa zama daram ba har ya mutu. Kun ga nawa yadda ya baje? Ba haka aka haife ni da shi ba.

A gidan Baba Nagoma, nan cikin Rano, na haɗu da Sale. Ni daga Durba aka kawo ni koyo, shi daga Rurum Tsohon Gari. Ya ɗan girme ni, ya kuma riga ni zuwa, shi ke nan ya mai da kansa liman ni ladan. Bai taɓa kirana da sunana ba sai Na Durba, ni ma na rama da Na Rurum. Tsayinmu ɗaya cif, har babbar riga ɗaya muka yi angwanci da ita, shi ya fara ni na biyo. Ku riƙe wannan, don shi ya rufe mana ido.

Baba Nagoma yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita. Kwandon kaya, faɗin gindinsa kamu ɗaya, zurfinsa kamu ɗaya da taƙi. Kamu shi ne daga gwiwar hannunka zuwa ƙarshen dogon yatsa, taƙi kuwa ka buɗe tafinka daga babban yatsa zuwa dogon. Yakan ce, "Masaƙi a jikinsa Allah ya ɗora masa ma'auni. Ranar da na ga ɗayanku da sandar awo, ya tattara ya tafi koyon kafinta." Haka muka tashi, muna ganin riƙe sandar awo abin kunya ne, daidai da a ce mahauci na tsoron jini.

Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, rumfarsa ta kasuwa ta dawo hannunmu mu biyu. Kowa ya yi saƙarsa a garinsu, ranar kasuwa ya ɗauro a keke, daga baya a acaɓa, mu jera a rumfa ɗaya, farashi ɗaya. Sai dai masu saye sun rabu biyu, ba mu ne muka raba su ba. Manomi in ya zo, zai tsallake na Sale ya ce, "Malam Hudu, naka nake so." Dillalan da ke lodin dankali da albasa zuwa Kano kuwa, ko kallon nawa ba sa yi, sai dai, "Ina na Malam Sale?"

Ni kuma sai kaina ya kumbura. Nakan ce, "Ka gani ko, Na Rurum? Manomi shi ya san kwando, shi ke ɗora shi a ka."

Shi kuma ya gyara hula ya ce, "Kai dai Na Durba, yi ta fama da ƙauyawanka. Wanda ya shiga Kano ya ga duniya shi ya san aiki. Ka taɓa ganin Alhaji ya taɓa naka?"

In kasuwa ta tashi muna haɗa ragowa, nawa kan shige cikin nasa zuruf, mu ce ai hannun maigida ɗaya ne. Nasa kuwa bai taɓa yarda ya shiga nawa ba. Na ce kitson bakinsa ne ya yi kauri don bai iya ba, ya ce nawa ne ya tsuke don rowa ta bi ni har cikin saƙa. Shekara da shekaru muna wannan, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa.

Sai ga shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Ko'ina wa'azi ake a kan tauye mudu, aka kuma kafa 'yan kwamiti suna zagaya kasuwa suna duba ma'auni. Duk mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, a ƙwace. Mu muna zaune a rumfa muna kallon masu awon hatsi suna gumi, har Sale yana yi musu jaje da dariya a bakinsa. Me ya shafe mu? Mu masaƙa ne. Mun manta dankali da albasa da tattasai duk da kwando ake cinikinsu.

Ran nan da hantsi sai hayaniya ta tashi a layin 'yan dankali. Malam Iro, wani manomi daga wajen Kibiya, wanda bai taɓa sayen kwando a hannun kowa ba sai ni, ya kawo dankali ya cika kwando har da tozo. Alhaji Sabo dillali ya saya, ya ce a juye a nasa. Da aka juye, tozon ya ɓace, dankalin ma ya kwanta ƙasa da baki. Alhaji ya ce a ciko. Iro ya ce wallahi ko ɗaya ba zai ƙara ba, kwandon Alhaji rijiya ce. Alhaji ya ce na Iro ne dai kwanon sha. Da can in an yi irin wannan, a yi ta ja-in-ja ne a rabu. A wannan shekarar kuwa sai ga 'yan kwamiti sun iso, shugabansu Malam Garba yana gaba, ya tambaya wa ya saƙa wannan, wa ya saƙa wancan. Aka ce ai rumfa ɗaya ce.

Kafin azahar muna gaban Sarkin Kasuwa, hula a hannu. Ya ce, "Rumfa ɗaya, farashi ɗaya, kwando iri biyu. Ƙarami na mai sayarwa, babba na mai saye. Wa ya koya muku wannan dabarar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi awonmu ɗaya, na Baba Nagoma."

Ya ce to shi ke nan, kasuwa mai zuwa kowa ya zo da gezarsa, mu saƙa a gaban jama'a. In ta tabbata da gangan muke yi, za a karɓe rumfar, a kuma sa mai shela ya zagaya ya faɗi dalili. Ku ba ku san nauyin wannan ba. Rumfa ana iya samun wata. Amma mutumin da aka yi wa shelar tauye awo a lokacin, ko sallama ya yi a bakin masallaci a ciki-ciki za a amsa masa, kwandonsa kuwa ko kyauta ba mai karɓa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Muna fita na tare Sale. Na ce, "Na Rurum, tsakaninka da Allah, me dillalan nan suke ba ka kake buɗa musu kwando?"

Ya tsaya cak. "Ni? Kai da ka mai da kwando kamar hular yaro don manoma su so ka, ni za ka tambaya?"

Ranar ko sai an jima ba mu yi wa juna ba. Na koma Durba ina auna duk kwandon da ke gidana, kamu ɗaya, kamu ɗaya da taƙi, daidai wa daida. Na ce shi ke nan, Sale ne. Ashe shi ma can Rurum abin da yake yi ke nan, ya kuma yanke cewa ni ne.

Ranar da aka sa, kasuwa ta cika kamar za a yi dambe. Har masu awon hatsin da muka yi wa dariya sun zo sun kama wuri a gaba, suna yi mana sannu da aiki. Aka share fili, Malam Garba ya tsaya a kanmu, ya ce duk awon da za mu yi mu yi shi a hankali yana gani. Na gicciya haƙarƙari, na take, na zagaya, na ɗora gwiwar hannu, kamu ɗaya. Sale ma haka, kamu ɗaya. Malam ya ce, "Ni dai ban ga ha'inci ba." Amma da aka ɗora gindin kwandona a kan na Sale, sai ga nasa ya leƙo ta ko'ina. Wuri ya ɗauki salati. Wani daga baya ya ce wannan sai dai asiri.

Malam Garba ya daɗe yana shafa gemu. Can ya sa aka kawo benci, ya ce mu durƙusa, kowa ya kafa gwiwar hannunsa a kai, mu haɗa tafi da tafi. Muka haɗa ba mai kallon wani. Jama'a, sai ga yatsun Sale sun wuce nawa fintinkau, dogon yatsana ko tsakiyar nasa bai kai ba. Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya tun muna samari, ashe hannun nan da yake riga ni kai wa nama da shi ba zafin nama ba ne, tsawo ne.

Dariyar da aka yi ranar, har masu shanu sai da suka zo tambaya. Sarkin Kasuwa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na fara dariya, don na ga rumfa ta tsira. Ashe da sauran magana.

Malam Garba ya juya ya ce, "Malam Iro, me ya sa kullum na Malam Hudu kake saye?"

Iro ya sosa ƙeya. "Allah gafarta Malam, ya fi saurin cika."

"Alhaji Sabo, kai fa?"

"To, Malam, na Malam Sale dai ya fi ci."

Na ce, "Haba Malam Iro! Ba don kyan saƙa ba?"

Ya ce, "A'a, saƙar ma ba laifi."

Ba laifi! Wallahi maganar nan ta fi mini zafi a kan ƙarar da aka kai mu. Duk shekarun nan ina tafiya ina buɗa kafaɗa, ashe gajeren hannuna ake so. Na saci kallon Sale, na ga shi ma Alhazansa na birni sun kwance masa zani a tsakiyar kasuwa. Ganin haka ne ya ɗan sanyaya mini rai.

Sarkin Kasuwa ya ce laifi dai babu, amma daga yau kwandon awo iri ɗaya za a dinga fitarwa daga rumfar nan. Malam Garba ya ce abu mai sauƙi, a yanke sanda ɗaya kowa ya dinga awo da ita. Sale ya miƙe tsam. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a karɓe rumfar ya fi. Ni almajirin Baba Nagoma ne, ban koyi kafinta ba." Na ce ni ma haka. Tun ranar rigimar, wannan ce magana ta farko da bakinmu ya zo ɗaya.

To kamun wa za a bi? Manoma suka ɗau ihu na Hudu, dillalai suka ce sam, na Sale. Duk wanda aka ajiye nasa kuma an kashe masa sana'a ke nan. Sarkin Kasuwa ya bari suka gaji don kansu, sannan ya ce, "Faɗin gindi da kamun Hudu, zurfi da kamun Sale. Hudu ya fara, Sale ya tayar ya kitse baki." Iro ya ce an cuci manoma. Alhaji Sabo ya ce an kashe dillanci. Sarkin Kasuwa ya dube su duka biyun ya ce tunda ba mai murmushi a cikinsu, a tashi haka nan.

Kun ji yadda aka ɗaure ni da Sale. Ni in yi ta saƙa gindin kwanduna a Durba, in ɗauro su a baje, haƙarƙari cirko-cirko suna tsokane wa ɗan acaɓa ƙeya yana zagina a zuci. Ranar kasuwa in miƙa wa Sale, shi kuma ya miƙo mini waɗanda ya tayar. Ba mu taɓa musayar nan ba tare da tsiya ba.

"Na Durba, wannan gindin da ƙafar hagu ka taka shi?"

"Kai dai tayar, in ka iya. Wancan da ka kawo bakinsa ya karkace kamar mai jin gulma."

Aka yi zaɓe aka sake, 'yan siyasa suka zo da alkawuransu suka wuce. Kwandon roba ya shigo, buhu ya shigo, suka cinye mana rabin ciniki. Abin da ya riƙe mu shi ne, a layin dankali da albasa kwandon mutum biyu kaɗai ake saye ba a ce a juye ba. Haka suke kiransa, kwandon mutum biyu. Da shi na ciyar da gidana, da shi Sale ya aurar da 'ya'yansa.

Wata damina sai Sale ya daina zuwa kasuwa. Aka ce ciwo ne, an kai shi asibiti an dawo da shi. Gindin kwanduna suka taru mini a zaure har ba wurin shimfiɗa tabarma. Ba zan iya tayar da su da kamuna ba, don wannan ya zama tsohon kwandon da aka hana. A kasuwa kuma aka fara ƙus-ƙus. Alhaji Sabo, wanda zuwa lokacin da sanda yake tafiya, ya ce in babu Malam Sale to a koma juye, Iro ya ce in an koma juye a koma rigima.

Na hau mota da safe na tafi Rurum. Na tarar da shi kwance a zaure, ya rame har sai da gabana ya faɗi. Bakin dai yana nan.

"Na Durba, sai yanzu? Na ɗauka sai an yi sadakar uku za ka zo cin waina."

Na ce, "Wa zai ɓata waina a kanka? Tashi, aiki ya taru."

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ka zo da wuƙarka?" Na ce tana aljihu. Ya ce, "Zagaya bayan ɗaki, akwai geza a jingine. Zaro mini ɗaya miƙaƙƙiya, busasshiya."

Nan take na gane. Na ce, "Na Rurum, da tsufana za ka mai da ni kafinta? Me za mu ce wa Baba Nagoma?"

Ya ce, "Bar ni da shi. Ai ni zan riga ka ganinsa, zan yi masa bayani."

Na kawo gezar. Ya miƙo hannun nan nasa, duk ya zama ƙashi, amma tsawon ko kaɗan bai ragu ba. Na kafa gezar a gwiwar hannunsa har ƙarshen yatsa, sannan ya buɗe tafinsa da ƙyar muka ƙara taƙi. Da na zo yankewa sai na kasa ganin inda na sa farce, idona ya cika.

Ya ce, "Goge idonka ka yanke daidai, Na Durba. Kada ka tauye ni ina kwance."

Na goge, na yanke. Ya karɓa ya gwada da kansa, ya sake gwadawa, sannan ya ce in kai wa Sarkin Kasuwa ya gani kafin in taɓa kwando ko ɗaya.

Bai kai kaka ba. Kwandon farko da na tayar da sandar, a hankali na bi shi, don na daɗe rabona da kitsa baki. Na kai shi layin 'yan dankali da kaina. Aka ɗauko wani tsohon kwando da Sale ya tayar, Iro ya cika shi, aka juye a sabon, Alhaji Sabo yana tsaye ya dogara sanda yana leƙe. Dankali ya tsaya daidai baki, tozonsa yana nan yadda yake.

Alhaji ya ɗago kai. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Sale."

Layin nan kaf, manoma da dillalai, suka amsa da amin.